Na yi mastas a bayokemistiri amma kamfanonin magani ko amsa ba sa ba ni, a ina nake kuskure?

Maman_Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu aiki a kamfanonin haɗa magunguna ko na bayotek ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara hana ni barci wlh. Digirina na farko a bayokemistiri ne, na ɗora mastas, bincikena a kan enzayim na yi shi, na iya dabarun gwajin lab irin su PCR da ELISA, injin tantance sinadarai na HPLC ma na taɓa amma ba can ba don inji ɗaya ne a sashenmu kuma sai an bi layi. Ina gamawa aka yi aure, haihuwa ta biyo baya har biyu, kafin in ankara shekara huɗu ta wuce ban leƙa lab ba.

Yanzu wata bakwai kenan ina tura CV, da na wuce 60 na daina ƙirgawa, sau biyu tak aka kira ni intabiyu. A na farko wata mata ta ce in gaya mata abin da na sani game da GMP, wato ƙa'idojin haɗa magani mai inganci, na yi ta kame-kame don gsky a makaranta sunan kawai muka ji. A na biyun kuma wani daga cikinsu ya tambaye ni yarana nawa, wa zai riƙe su in aka sa ni aikin dare, wai ko ina da niyyar ƙara haihuwa nan kusa. Na amsa dai amma raina bai so ba, daga ranar ban sake jin ɗuriyarsu ba.

To tambayata, shekaru huɗun nan in ɓoye su ne ko in rubuta? Ko dai in haƙura in koma in yi PhD tukunna? Kuma in aka sake min tambayar yara me ya kamata in ce? Na gode.

Anti_Bilki ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma kafin komai ki kwantar da hankalinki, takardunki ba su da laifi. Shekarata 14 a sashen QA, wato tabbatar da inganci, na zauna a kujerar masu intabiyu ba sau ɗaya ba, bari in gaya miki abin da nake zargi. Ina kyautata zaton duk guraben da kike nema na masu bincike ne, masu gano sabon magani, tunda shi aka nuna mana a jami'a kamar shi kaɗai ne aiki. To wannan sashen shi ne mafi ƙunci a duk masana'antar, masu PhD ne suke turereniya a ƙofarsa. Akasarin ma'aikatan kamfanin magani ba gano magani suke yi ba, haɗa shi suke yi, su gwada shi, su rubuta shaidar cewa an yi daidai, su kai wa hukuma, su bi sawunsa bayan ya shiga kasuwa. Nan ne guraben suke.

Ke da kika taɓa HPLC, QC, wato sashen gwajin inganci, shi ne ƙofarki mafi kusa. 'Yan QC su ne a lab, suna gwada kayan haɗi da suka shigo da maganin da aka gama, shin ƙwayar nan tana ɗauke da adadin da aka rubuta a kwali, tana narkewa a lokacin da ya kamata, akwai wani gurɓata a ciki. Mu 'yan QA ba mu cika riƙe kwalba ba, takardu muke bi, mu ne muke duba fayil ɗin kowane rukunin magani kafin a sake shi, in an kauce wa SOP, wato rubutaccen tsarin aiki, mu binciki dalili, mu rubuta gyaran da za a yi wanda ake kira CAPA. Sai sashen rajista, masu shirya wa hukumomi irin su FDA ta Amurka da EMA ta Turai takardun neman izini a tsarin CTD, kashi biyar ne, na ukun shi ne na inganci da yadda ake haɗa maganin kuma mai bayokemistiri tana fahimtarsa da wuri.

Maganar GMP ɗin nan da ta kayar da ke, ki ba ta sati biyu kawai. Ƙa'idojin WHO da na Tarayyar Turai duk suna intanet kyauta, ba sai kin haddace ba, ruhin abin ake so ki gane: duk abin da ba a rubuta ba to ba a yi shi ba. Ana rubutu a lokacin da ake aikin, ba bayan an tashi ba. Ba a amfani da fensir, ba a goge kuskure da farin ruwan gogewa, layi ɗaya za ki ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ki rubuta daidai a gefe, ki sa hannu da kwanan wata da dalili. Ki nemo kalmar ALCOA, wato ƙa'idojin ajiye sahihan bayanai, ki karanta. Ranar da kika faɗi irin waɗannan a intabiyu za ki ga fuskar mai tambayar ta canza, don abin da muke tsoro a sabon ma'aikaci ba rashin ilimi ba ne, muna tsoron wanda zai ɓoye kuskure ko ya cike fom da ka.

Shekaru huɗunki kuma kar ki ɓoye, ɓoyewar ce take sa a yi ta zargi. Layi ɗaya ya isa a CV, daga shekara kaza zuwa kaza hutun kula da iyali, shikenan, ba neman afuwa ba dogon bayani. Amma a ƙarƙashinsa a ga wani abu mai kwanan watan bana, kwas ko satifiket ko aikin sa kai a wani lab, don idon mai dubawa ya sauka a kan sabon abu. Ni kaina shekara uku na yi a gida bayan haihuwata ta biyu, da kwantiragin wata shida na dawo, wata ce ta tafi hutun haihuwa aka ɗauke ni in riƙe mata, kafin ta dawo wani gurbi ya buɗu. Kar ki raina aikin wucin gadi.

Hauwa_CRA ta rubuta:

Anti Bilki ta gama magana a ɓangaren masana'anta, ni bari in ƙara ɓangarenmu na gwajin magani a jikin mutane don mata da yawa ba su san da shi ba. Kinga manyan kamfanonin nan da kowa ya san sunansu, kaso mai yawa na gwaje-gwajensu ba su suke gudanarwa da kansu ba, kwangila suke ba wa kamfanonin da ake kira CRO, irin su IQVIA da ICON da Parexel da PPD, kuma su ɗin sun fi ɗaukar sabon shiga. So in kina duba shafin manya kaɗai to kina tsallake masu ɗaukar mutanen. Haka ma a haɗa magani akwai masu yi wa wasu a kwangila kamar Lonza.

Abu na farko ki yi kwas ɗin GCP, wato ƙa'idojin gwajin magani a jikin mutane, akwai na kyauta a shafin The Global Health Network, cikin 'yan awanni za ki gama su ba ki satifiket. Ki lura an sabunta ƙa'idar a 2025, ana ce mata E6(R3), ki tabbata kin san da haka don ana tambaya. Abu na biyu, wannan dabarar ita ta samo min aikina na farko, ki shiga ClinicalTrials.gov ki sa sunan ƙasarki ko garin da kike, zai jero miki gwaje-gwajen da ake yi da asibitocin da ake yin su da wanda ya ɗauki nauyi. Waɗannan asibitocin suna buƙatar kodineta, mai tsara zuwan marasa lafiya da cike bayanai da ajiye fayil, daga nan yawancinmu muka fara. Ni na rubuta wa likitoci biyar imel gajere, ɗaya ta amsa, na yi wata uku ina taya su shigar da bayanai kafin su ɗauke ni sosai.

Amma zan gaya miki gaskiya tunda kina da ƙanana, aikin CRA da nake yi yanzu yawo ne, wani satin kwana uku ba na gida, daga wannan asibiti zuwa wancan ina duba ko abin da aka shigar a kwamfuta ya yi daidai da fayil ɗin mara lafiya. Albashin ya fi amma ba kowane lokacin rayuwa ya dace da shi ba. In zama wuri ɗaya kike so ki duba PV, wato sa ido kan illolin magani, ko sarrafa bayanai, ko rubutun likitanci, da yawansu ma daga gida ake yi. A PV aikin farko shi ne karɓar rahoton illa ki tantance shi, sai da abu huɗu rahoto yake cika: mara lafiya da za a iya ganewa, wanda ya kawo rahoton, maganin da ake zargi, da illar kanta. Sai ki sa wa illar lamba da ƙamus ɗin MedDRA, mai tsanani da ba a zata ba kwana 15 ake da shi a kai wa hukuma. Cibiyar Uppsala da ke Suwidin, masu riƙe wa WHO rumbun rahotannin illa na VigiBase, suna da darussa kyauta a intanet. Kuma in kina karanta tarihin fannin za ki haɗu da Frances Kelsey, ma'aikaciyar FDA da ta ƙi sa hannu a kan thalidomide a 1960 tana sabuwar zuwa duk da matsin da ta sha, daga baya aka ga dubban jarirai da maganin ya nakasa a wasu ƙasashe. Ni duk ranar da cike fom ya gundure ni ita nake tunawa.

Malam_Sadiq ya rubuta:

Salam. Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma ina cikin masu tace CV a wurin aikinmu shi ya sa. Hajiya Maman Ilham, 60 da kika tura in duk CV iri ɗaya ne to kusan guda ɗaya kika tura. Manyan kamfanoni manhaja ce take fara karɓa, ATS, mu kuma mu bincika da kalmomin da ke cikin tallan aikin. In talla ta ce HPLC ke kuma kin rubuta "na ƙware a dabarun lab" ba za ki fito ba. Ki rubuta sunan injin, sunan manhajar da kika yi aiki da ita, samfur nawa kika gwada, wace matsala kika warware. Ki cire hoto da shekarun haihuwa da maganar aure sai in ƙasar da kike nema al'adar aikinsu ce a sa, ki bar tebur da zane-zane don manhajar tana rikicewa da su. Shafi biyu ya isa.

Na biyu, gara goma da kika zauna kika gyara wa kowanne CV kuma kika nemi wani na ciki ya miƙa sunanki, da ɗari da kika watsa. Ki buɗe LinkedIn ki nemo waɗanda kuka yi makaranta tare, kar ki ce musu "a taimaka min da aiki", ki ce kina son minti goma ki ji yadda aikinsu yake. Na lura kuma mata sun fi mu jin nauyin nema in ba su cika duk sharuɗɗan ba, alhali jerin nan rabinsa fata ne kawai, in kin cika manyan ki tura. Kuma duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom ko na horo kafin a ba ki aiki ɗan damfara ne.

Maganar aikin dare kuwa, a ganina ki amsa musu kawai ba wani abu ba ne, masana'anta ba ta tsayawa, manaja yana so ya san ko zai iya dogara da ke.

Dr_Zee ta rubuta:

Malam Sadiq na yarda da duk abin da ka faɗa ban da na ƙarshen nan. Tambaya biyu ce aka cakuɗa. "Za ki iya aikin dare?" wannan haƙƙinsu ne su tambaya, kuma namiji ma ana tambayarsa. Amma "yaranki nawa, za ki ƙara haihuwa?" wannan ba a yi wa namiji ita, kai ma ka sani, kuma a ƙasashe da dama hana mace aiki saboda ciki laifi ne, Amurka tun 1978 take da doka a kai, Birtaniya tana da ta 2010, yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO mai lamba 183 ta shekarar 2000 ma ta hana tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki sai a ayyuka ƙalilan masu haɗari, ta kuma sa hutun haihuwa kar ya gaza sati 14, sai dai ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba don haka kowa ta duba dokar inda take.

'Yar uwa ba na ce ki yi faɗa da su ba, kina neman aiki ne. Ki amsa damuwar da ke bayan tambayar ki bar tambayar kanta. Ki ce "na karanta jadawalin aikin, na shirya masa, zan iya", cikin fara'a, sai ki juya zancen ki tambaye su yadda ake karɓa-karɓar. In suka nace sai sun ji lissafin haihuwarki to kin ga irin gidan da za ki shiga tun kafin ki sa ƙafa.

PhD kuma dan Allah kar ki shige ta don gudun zaman gida, shekara huɗu ko biyar ce za ki ƙara kuma ki fito har yanzu ba ki da gogewar masana'anta, wasu guraben ma a ce kin fi ƙarfinsu. Ni na yi, ban yi nadama ba don jagorantar bincike nake so, kuma in MSL kike hari, masu tattauna kimiyyar magani da manyan likitoci, nan ma galibi ana neman babban digiri. Amma QC da QA da rajista da PV mastas ɗinki ya isa har ya yi yawa. Gertrude Elion ta gama digirin kemistiri a 1937 aka yi ta hana ta aikin lab don mace ce, ta yi koyarwa, ta yi gwajin inganci a wani kamfanin kayan masarufi, sai a 1944 da yaƙi ya kwashe maza ta samu shiga Burroughs Wellcome, daga hannunta da abokin aikinta George Hitchings aka samu magungunan sankarar jini da na dashen ƙoda, ta karɓi Nobel a 1988 kuma ba ta taɓa kammala PhD ba. Daga gwajin inganci ta bi, ƙofar da Anti Bilki take nuna miki kenan.

Sai albashi, don nan ma ana cin mu. Wadda ta daɗe a gida tana jin kamar alfarma aka yi mata, duk abin da aka faɗa sai ta ce to. Kar ki fara faɗin adadi, ki tambaye su nawa zuwa nawa suka ware wa gurbin. In sun ba ki takarda ki nemi kwana biyu ki karanta, ki duba hutun haihuwa da inshorar lafiya da alawus ɗin dare da ko suna biyan kuɗin kwas. Ƙarin da za a yi miki duk shekara a kan wannan adadin na farko ake lissafa shi. Ki leƙa ƙungiyoyin matan fannin irin su HBA da Women In Bio ma, suna haɗa sababbi da waɗanda suka daɗe.

Maman_Ilham ta rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh ji na yi kamar an sauke min dutse. Anti Bilki gaskiyarki ne, na koma na duba, kusan duk na bincike na tura. Yau na yi rajistar kwas ɗin GCP kuma na sauke takardun GMP na WHO. Malam Sadiq CV ɗina ma hoto ne a sama da teburi har biyu, zan sake shi gaba ɗaya. Anti saura abu ɗaya, in na samu intabiyun QC wace tambaya ce ba ta wuce ta? Kuma in Allah ya kawo ciki ina aikin lab ɗin fa, ba matsala da sinadaran?

Anti_Bilki ta rubuta:

Wadda ba ta wucewa ita ce: kin gwada samfur sakamako ya fita daga iyakar da aka gindaya, me za ki yi? Ana ce masa OOS. Yawanci sai su ce "zan sake gwadawa", nan take sun faɗi. Amsar ita ce ba za ki zubar da komai ba, samfurin da ruwan da kika haɗa da kwalaben duk ki ajiye, ki rubuta sakamakon yadda ya fito, ki sanar da shugabanki a take, a buɗe bincike a fara duba ko kuskuren lab ne, awo ko inji ko lissafi, kuma ba a sake gwaji sai da izini a rubuce. Maimaita gwaji har sai ya ba da abin da ake so babban laifi ne a wurin hukuma. FDA tana da takarda guda a kan wannan kaɗai, ki karanta ta. Za kuma su ce ki ba da labarin wani kuskure da kika taɓa yi, ki ba da na gaske daga mastas ɗinki da yadda kika faɗa wa malaminki, kar ki ce ba ki taɓa yi ba.

Ciki kuma mata da yawa sun yi shi suna lab lafiya lau, amma ba a wasa da shi. Akwai magungunan kansa da na homon da wasu ruwan narkarwa da mai ciki ba ta kusantarsu, kowane sinadari yana da takardarsa ta SDS da ta faɗi haɗarinsa, ki saba karanta ta tun ranar farko. Da zarar kin tabbatar ki sanar da jami'in lafiya da kariya na wurin ko da ba ki shirya gaya wa sauran ba, don watanni ukun farko su ne masu hatsari, sai a duba aikinki a canza miki benci ko a mayar da ke kan takardu na ɗan lokaci. Ni a cikina na uku haka aka yi, zaman takardun nan ne ma ya kai ni QA. In kuma ɗakin haɗa allurai aka kai ki ki sani ba a shiga da kwalliya ko ɗan kunne ko agogo ko jan farce, kuma tsayuwa ce mai tsawo cikin rigar da ta rufe ko'ina, ki tambaya tun a intabiyu a wane ɗaki gurbin yake.

In kin gama gyara CV ɗin ki cire lambar waya da adireshi ki turo min ta akwatin saƙo, ranar Asabar ina da sarari zan duba miki in sha Allah.